Inuwar Dala da Sandar Talis: Tarihin Ƙa'idar Alwatika Masu Kama da Juna

Ɗalibin da ya yi kwaleji a Yamai ko Damagaram ko Njamena, da zarar an ce masa "ƙa'idar Talis", abin da zai faɗo masa a rai shi ne alwatika wadda aka ratsa da layi, ƙaramar alwatika ta fito a cikin babba, aka ce ɓangarorinsu suna tafiya daidai gwargwado. Ya haddace ta domin jarrabawar BEPC, kuma da wuya ya manta sunan ko da ya manta lissafin. Amma wanda ya buɗe littafin Ingilishi ko na Jamusanci zai tarar cewa wannan suna galibi wata ƙa'ida daban aka ba wa, wato wadda ta ce kusurwar da aka zana a cikin rabin da'ira miƙaƙƙiya ce kamar kusurwar bango da daɓe. Suna ɗaya ke nan a kan ƙa'ida biyu. Wannan saɓani kaɗai ya isa ya sa mai karatu ya tambaya: shin me Talis ɗin ya gano, kuma wa ya shaida?

Kafin a shiga labari, ya kamata a daidaita kalmomi, domin Hausar lissafi ba ta gama zama wuri ɗaya ba. Alwatika ita ce siffa mai ɓangare uku da kusurwa uku. Idan an ce alwatika biyu suna kama da juna, ana nufin kusurwoyinsu daidai suke ɗaya bayan ɗaya, ko da ɗaya ta fi ɗaya girma, kamar hoton mutum da aka wanke ƙarami da wanda aka wanke babba. Dangantakar tsawo da tsawo kuwa, wato sau nawa wannan ya shiga cikin wancan, zan kira ta nisba, kalmar da malaman lissafi na Larabci suka yi amfani da ita. Layuka biyu da suke tafiya tare ba sa gamuwa komai nisan da aka ja su, su ne zan kira layuka masu jerawa. Ƙa'idar da muke magana a kanta ta ce: idan alwatika biyu suna kama da juna, nisbar kowane ɓangare na ɗaya da takwaransa na ɗayar iri ɗaya ce. Sanda mai tsawon mita 2 ta yi inuwa mita 3, giginyar da ke kusa da ita ta yi inuwa mita 18 a daidai wannan lokaci, to tsawon giginyar mita 12 ne, ba sai an hau ba.

Talis mutumin Miletus ne, wani birni na Girkawa a gaɓar tekun ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, kuma ya rayu tsakanin wajen shekara ta 624 da ta 546 kafin Miladiyya. Babu ko shafi ɗaya na rubutunsa da ya iso gare mu. Duk abin da ake faɗa a kansa daga bakin waɗanda suka zo bayansa ne, wasunsu da ɗaruruwan shekaru. Labarin dalar Masar ya zo ta hanyoyi biyu da ba su yi daidai ba. Filini Babba, marubucin Rum da ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, da Diyojinis Layatiyus na ƙarni na 3, sun ce Talis ya jira ne har lokacin da inuwar mutum ta yi daidai da tsawonsa, sannan ya auna inuwar dala, ya ce tsawonta ke nan. Fulutak kuwa, wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 100 Miladiyya, ya ce sanda ya kafa a ƙarshen inuwar dala, ya nuna cewa nisbar dala da sanda ita ce nisbar inuwa da inuwa.

Bambancin ruwayoyin nan biyu ba ƙarami ba ne. Ta farko lura ce kawai, irin wadda makiyayi mai hankali zai iya yi: akwai sa'ar da inuwar kowane abu take daidai da shi. Ta biyu ita ce take buƙatar sanin nisba, kuma ita ce ta zo daga Fulutak, fiye da shekara 600 bayan mutuwar Talis, a cikin wani littafi na ƙagaggiyar hira tsakanin masu hikima a wurin walima. Masanin tarihi ba zai ɗora gini mai nauyi a kan irin wannan shaida ba. Akwai kuma wata matsala da masu ba da labarin a aji suke tsallakewa. Dala ba sanda ba ce. Tsawonta yana sauka ne daga ƙololuwa zuwa tsakiyar gindinta, can cikin duwatsu inda igiyar awo ba ta kaiwa. Babbar dalar Giza ta kai tsawon kusan mita 146 lokacin da aka gama ta, kowane gefe na gindinta kuma kusan mita 230 ne. A sa'ar da inuwa take daidai da tsawo, mita 115 na inuwar yana ƙarƙashin ginin kansa, abin da ya leƙo waje bai wuce mita 31 ba. Dole mai awo ya ƙara rabin gindin a kan abin da ya gani, kuma wannan ƙari ba ya fita daidai sai inuwar ta faɗi a miƙe daga tsakiyar gefe ɗaya. Duk wanda ya yi wannan awo da gaske, ko Talis ne ko wani, ya san fiye da abin da labarin ya faɗa.

Sannan ga wata tambaya: me zai sa Misirawa su jira baƙo ya gaya musu tsawon abin da kakanninsu suka gina? Lokacin da Talis ya rayu, dalar Fir'auna Kufu ta kai kimanin shekara 2000 a tsaye. Akwai wata takardar lissafi ta tsohuwar Masar, wadda wani ɗan Sukotland mai suna Henry Rhind ya saya a Luksor a 1858, take kuma ajiye a gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Wani magatakarda mai suna Ahmes ne ya kwafe ta wajen shekara ta 1550 kafin Miladiyya, ya kuma faɗa da kansa cewa daga wata tsohuwa ya kwafo. A cikinta akwai tambayoyi a kan abin da suke kira seked, wato karkatar gefen dala: idan gini ya tashi sama kamu ɗaya, tafi nawa zai ja da baya? Kamu ɗaya a wurinsu tafin hannu bakwai ne. Tambaya ta 56 ta ba da dala mai gindi kamu 360 da tsawo kamu 250. Magatakarda ya ɗauki rabin gindi, 180, ya raba da 250, ya mayar da sakamakon zuwa tafi, ya sami tafi 5 da kashi ɗaya cikin 25.

A duba abin da wannan lissafi yake nufi ga magini. An ba shi ƙaramar alwatika, tsayinta kamu ɗaya, gindinta tafi kaza, aka ce ya sassaƙa kowane dutse na fuskar dala a kan wannan karkata. Yana da tabbacin cewa idan kowane dutse ya bi ƙaramar alwatikar, babbar alwatikar da ginin duka zai fitar za ta yi kama da ita, kuma gefuna huɗu za su haɗu a ƙololuwa ɗaya. Dalar Kufu tana da tsawon kamu 280 da rabin gindi kamu 220, wanda ya ba da tafi 5 da rabi ga kowane kamu. Wannan aiki da alwatika masu kama da juna ne ƙarara, ko da ba a rubuta ƙa'idar da sunanta ba. A Iraƙi ma, a Tal Harmal da ke gefen Bagadaza, an tono wani allon yumɓu na wajen shekara ta 1800 kafin Miladiyya, mai ɗauke da alwatika da ɓangarorinta suke 45 da 60 da 75, an yanyanka ta zuwa ƙananan alwatika masu kama da ita, ana neman tsawon gutsattsarin.

Ke nan amfani da ƙa'idar ya girmi Girkawa nesa ba kusa ba. Abin da Girkawa suka sa wa kansu shi ne neman hujja, kuma a nan ne suka gamu da abin da ya tsayar da su.

Hujjar da za ta fara zuwa wa kowa a rai mai sauƙi ce. A ce layi ya ratsa alwatika yana jerawa da gindinta, ya raba gefen hagu gida biyu, na sama taki 3, na ƙasa taki 2. Sai a yanka gefen duka zuwa taki 5 daidai wa daida, a ja layuka masu jerawa daga kowace gaɓa. Layukan za su yanka gefen dama shi ma gida 5 daidai, uku a sama, biyu a ƙasa. Magana ta ƙare. Sai dai wannan hujja ta jingina a kan wani zato da ba a furta ba: cewa kowane tsawo biyu suna da wani ɗan ma'auni da zai auna su duka ba tare da saura ba, ko da ƙanƙane ne kamar ƙwayar gero. A ƙarni na 5 kafin Miladiyya, a cikin almajiran Fitagoras, aka gano cewa wannan zato ƙarya ne. A ɗauki murabba'i, a ja layi daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Babu wani ma'auni da zai auna wannan layi da gefen murabba'in gaba ɗaya. Dalilin, wanda Aristotal ya yi ishara da shi a rubutunsa, gajere ne. Da akwai ma'aunin, da layin zai zama m, gefen ya zama n, lambobi cikakku da aka rage har ba su da abin da zai raba su tare. Ƙa'idar Fitagoras ta ce m sau m ya ninka n sau n sau biyu, saboda haka m tana rabuwa biyu daidai. Idan aka sa rabinta a madadinta aka sake lissafi, sai n ma ta fito tana rabuwa biyu daidai, alhali an ce babu abin da yake raba su tare.

Wannan ya bar masu handasa cikin tsaka mai wuya. Sun san ƙa'idar tana aiki, magina suna gini da ita, amma hujjarsu ta rufe wasu alwatika ne ta bar wasu a waje. Mafi muni, kalmar nisba kanta ta rasa ma'ana, domin idan ba za a iya cewa "uku ga biyu" ko "goma sha bakwai ga goma sha biyu" ba, me ake nufi da cewa nisba biyu daidai suke? Mu a yau muna rubuta 1.414 da ɗigo-ɗigo mu wuce, amma su ba su da wannan lamba, kuma ba su yarda su yi kamar suna da ita ba. Ina ganin wannan taurin kai nasu shi ne abu mafi daraja a cikin labarin duka.

Wanda ake danganta wa maganin matsalar shi ne Yudoksus na Kinidus, a ƙarni na 4 kafin Miladiyya. Dabararsa ita ce ya daina tambayar nawa ne nisbar, ya koma tambayar yaya take idan aka gwada ta. A ɗauki layin nan na murabba'i a jera shi sau 5, a jera gefen sau 7: layin ya ɗan fi tsawo. A jera layin sau 12, gefen sau 17: yanzu layin ya ɗan gaza. Kowace irin gwaji tana da amsa ɗaya cikin uku, ko ya fi, ko ya gaza, ko sun yi daidai. Yudoksus ya ce nisba biyu daidai suke idan suna ba da amsa iri ɗaya a kowace gwaji, da kowace lamba aka ninka. Ƙaramin murabba'i da babba za su amsa duk tambayoyin nan iri ɗaya, don haka nisbarsu ɗaya ce, ba tare da an taɓa faɗin ko nawa ce ba. Bayan fiye da shekara 2000, a 1872, Bajamushe Dedekind ya bi kusan wannan hanya wajen bayyana lambobin da ba sa rubutuwa a matsayin kaso.

Uƙlidis, wanda ya koyar a Iskandariyya wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya, shi ya tattara wannan duka a littafinsa mai juzu'i 13, wanda Larabawa suka sani da Kitabul Usul. Tsarin littafin kansa shaida ne a kan nauyin matsalar. Juzu'i huɗu na farko ya yi su ba tare da ya taɓa nisba ba, har ƙa'idar Fitagoras ma ya kafa ta ta hanyar gwada fili da fili, alhali da alwatika masu kama da juna layi uku ya ishe shi. Sai a juzu'i na 5 ya shimfiɗa bayanin Yudoksus, sannan a na 6 ya zo kan ƙa'idarmu. Hujjarsa ta cancanci a bi ta da takarda da alƙalami.

A zana alwatika ABC, A a sama, BC a gindi. A ja layi DE mai jerawa da BC, D a kan AB, E a kan AC. Sai a haɗa B da E, a haɗa C da D. Alwatika BDE da CDE suna zaune a kan gindi ɗaya, wato DE, kuma ƙololuwarsu B da C suna kan layi mai jerawa da shi, saboda haka tsayinsu ɗaya, filinsu ɗaya. To, alwatika ADE da BDE sun haɗa ƙololuwa a E, gindinsu kuma AD da DB suna kan layi ɗaya, don haka nisbar filinsu ita ce nisbar AD da DB. Haka nan ADE da CDE sun haɗa ƙololuwa a D, nisbar filinsu ita ce nisbar AE da EC. Tun da BDE da CDE fili ɗaya gare su, nisbar AD da DB ita ce nisbar AE da EC. Ba a ƙirga taki ko ɗaya ba, ba a nemi ma'aunin da zai auna kowa ba. Wannan ita ce mas'ala ta 2 a juzu'i na 6, kuma daga ita ya fitar da ta 4, wadda ta ce alwatika masu kusurwoyi iri ɗaya ɓangarorinsu suna kan nisba ɗaya. Bai ambaci sunan Talis ba.

A ƙasar Sin an bi wata hanya daban. A shekara ta 263 Miladiyya, Liu Hui ya rubuta tambayoyi tara a kan auna abin da ba a iya isa gare shi, waɗanda daga baya aka san su da sunan littafin tsibirin teku. Ta farko ta fi labarin dala wuya, domin ba a san nisan tsibirin ba balle tsawonsa. An kafa sanduna biyu masu tsawon taki 5, da tazarar taki 1000 tsakaninsu, a kan layi ɗaya da tsibirin. Mai awo ya ja da baya taki 123 daga ta farko, ya kwanta ya sa ido a ƙasa, kan sandar ya rufe ƙololuwar tsibirin. Daga ta biyu sai da ya ja taki 127. Bambancin taki 4 ke nan. A ninka 5 da 1000, a raba da 4, a ƙara tsawon sanda: tsibirin taki 1255 ne, nisansa kuma daga sanda ta farko taki 30,750.

Littafin Uƙlidis ya shiga Larabci a Bagadaza ta hannun Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar, a zamanin Haruna Rashid, ya kuma sake gyara fassarar a zamanin Mamun. Daga baya Ishaƙu ɗan Hunaini ya yi wata fassara, Sabitu ɗan Ƙurra ya tace ta. Malaman wannan zamani ba su karɓi juzu'i na 5 ido rufe ba. Umar Hayyam, wanda aka fi sani da waƙa, ya kammala wani sharhi a 1077 inda ya nuna rashin gamsuwarsa da bayanin nisba na Uƙlidis, yana ganin ya faɗi yadda ake gwada ta ne bai faɗi ainihinta ba, ya kuma kawo wani bayani ya nuna cewa biyun suna kaiwa wuri ɗaya. Biruni kuwa, haifaffen Hawarizam a 973, littafi sukutum ya rubuta a kan inuwa, ya tattauna yadda ake raba sandar awo gida 12 da ake kira yatsu, ko gida 7 da ake kira tafin ƙafa, bisa lurar cewa tsawon mutum kusan tafin ƙafarsa bakwai ne.

A nan ne tarihin ya zo ƙofar gidanmu. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya ji cewa zaɓaɓɓen lokacin Azahar yana kaiwa har inuwar abu ta yi daidai da tsawonsa bayan an cire inuwar tsakar rana, daga nan La'asar ta shiga. Ba a ce wane abu ba, domin babu buƙata. Sanda da mutum da hasumiya duk za su kai wannan matsayi a lokaci ɗaya, saboda rana tana da nisa ƙwarai har haskenta yana saukowa a layuka masu jerawa, kowane abu a tsaye da inuwarsa suna fitar da alwatika mai kama da ta maƙwabcinsa. A gwada da fitilar da aka rataye a tsakar gida, za a ga abin ya rushe: wanda yake kusa da ita inuwarsa gajera ce, wanda ya yi nisa tasa ta yi tsawo, ko da tsayinsu ɗaya. Ladanin da yake auna inuwarsa da tafin ƙafa yana aiki da ruwayar farko ta labarin Talis, ba tare da ya taɓa jin sunansa ba.

Saura sunan. Tsoffin littattafan handasa na Turai, waɗanda suka bi tsarin Uƙlidis, da lambar juzu'i da ta mas'ala suke kiran ƙa'idar, ko su ce ƙa'idar layuka masu nisba ɗaya. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 ne marubuta littattafan makaranta a Faransa suka fara laƙaba mata sunan Talis, a lokacin da ake sha'awar ƙawata darasi da sunayen magabata, kuma labarin Fulutak ne ya ba su dalili. Jamusawa suka ɗauki wata ruwayar, wadda ta ce Talis ya zana alwatika mai miƙaƙƙiyar kusurwa a cikin da'ira har ya yanka sa don murna, suka ba ƙa'idar rabin da'ira sunansa, ita kuma tamu suka kira ta ƙa'idar haskoki. Littattafan Ingilishi suka fi karkata ga na Jamus. Da manhajar Faransa ta zo Nijar da Cadi da Kamaru ta zo da sunanta, ta Ingila kuma ta je Nijeriya da Gana da nata tsarin, shi ya sa ɗalibin Maraɗi da na Katsina za su iya warware tambaya ɗaya su sami amsa ɗaya, sannan su yi gardama a kan sunan ƙa'idar da suka yi aiki da ita.